Goron Gayya a Ajin Ƙarshe

A gabashin garinmu, in ka bar kasuwa ka kama hanyar Dayi, akwai wani dogon gini na dutse. Ya girme 'ya'yana duka, ni kuwa na girme shi da kaɗan. Ina ƙarama aka gina shi, mahaifina yana cikin waɗanda suka riƙa kawo duwatsunsa a kan jakuna daga bakin rafi. Sakandare ce ta maza a wancan zamani, ita ce ta farko a duk yankinmu. Ni ban taɓa zama a cikinta ba. Iyakata bakin wayar shinge, da farantin gyaɗa a kaina, ina jin su suna maimaita karatu da Turanci kamar kwaɗi bayan ruwan sama.

Shekaru suka tafi. Aka gina wata sabuwa can kusa da Malumfashi, aka kwashe yara da malamai da bencina aka kai can, ginin dutse ya zauna shi kaɗai. Iska ta yaye kwano, jemagu suka shiga, awaki suka shiga, simintin ƙasa ya farfashe har ciyawa ta tsiro a tsakiyar aji. Bangon dai bai motsa ba. Aji ɗaya ne rufinsa ya tsira, na can ƙarshe, wanda ke kusa da bishiyar ɗorawa.

To a wannan aji na ƙarshe na sauke baƙina.

Sun zo ne a shekarar da zama ya gagara a ƙauyukan yamma da mu, mutane suka riƙa barin gonakinsu suna tahowa da abin da kai zai iya ɗauka. Ina dawowa daga gona na same su a gindin ɗorawar nan, wata doguwar tsohuwa Bamagujiya da matar ɗanta mai tsohon ciki. Ɗan nata ya tafi kudu neman aiki tun kafin abin ya faru. Ba su san inda yake ba, shi ma bai san inda suke ba. Tsohuwar ta girme ni, sai na kira ta Yaya, kuma Yaya na ci gaba da kiranta. Ita kuwa da ta ga carbi a hannuna sai ta sa mini Malama, ni da ko harafi ɗaya ban sani ba. Kakata ta wajen uwa ma Bamagujiya ce, shi ya sa da na ga ta ɗiga ruwa a ƙasa kafin ta sha, ban yi mamaki ba. Tsohuwar gidanmu na tuna.

Na nuna musu ajin, na ce su shiga, ba na kowa ba ne. Da bakina na faɗa, ba na kowa ba ne. Na koma gida na kawo tsintsiya da tabarma da tukunya guda, muka kori jemagu da hayaƙi, muka toshe taga da karan dawa. Yaya ta jera duwatsun murhu kusa da ƙofa, ta hura wuta, aji ya zama ɗaki.

Ba a daɗe ba naƙuda ta zo wa matar ɗan nata, da rana tsaka, ranar kasuwa. Ni ce ungozomar unguwarmu, ni aka kira. Mace aka samu. Da muka gama, sai maganar mabiyiya ta taso, wato abin nan da ke biyo bayan jariri. A wurinmu wanke ta ake yi a binne ta cikin gida, bayan ɗakin mai jego. To su ba su da danga, ba su da bayan ɗaki, fili ne fetal karnuka na yawo. Yaya ta ce a binne ta a ciki. A lungun da ke ƙarƙashin baƙin allo siminti ya riga ya fashe, nan na haƙa da hannuna, ita ta sa, ni na rufe.

Da ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa sai ta ce, "Malama, yarinyar nan ta yi gida."

Na ce ta yi, Yaya. Har dariya na yi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yaya ba ta san zaman banza ba. Ta yi ƙwadago a gonakin mutane, ta yi tsinkar auduga, ɗorawa ta nuna ta yi daddawa tana sayarwa. Duk yamma in na taso daga gona sai na biya, mu zauna a bakin ƙofa muna ɓare gyaɗa. In lokacin salla ya yi ita ke tuna mini, ta ce in tashi kada a rubuta mata laifin hana Malama aikinta. Ni kuma in ce mata ai har yanzu ina ajiye mata buta. Ta ce in ci gaba da ajiya, buta ba ta ruɓewa.

A gida kuma ina da tawa damuwar. Jikata, 'yar babban ɗana, ta gama ƙaramar sakandare a nan cikin gari. Babbar tana can wajen Malumfashi. Ubanta ya ce hanyar nan ba ta 'ya mace ba ce safe da yamma a kan acaɓa, kwana a makaranta kuma bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yarinya ta zauna a gida. Ta karanta tsofaffin littattafanta har suka ɓaɓɓalle, ta koma karanta rubutun jikin buhun taki. In na ce ta sauke mini wannan karatu ta tace mini gasara, sai ta ce, tsohuwa, ke ba ki san abin da ke cina ba. Na sani sarai. Na tsaya a bakin waya da faranti, na sani.

Ana nan sai wata rana motoci suka tsaya a gaban ginin dutse. Dattawa ne suka fito, masu furfura, waɗansu daga Funtua, waɗansu daga nesa. Tsofaffin ɗaliban makarantar ne. Ashe labari ya kai musu cewa ana shawarar rushe ginin a yi shaguna a wurin, suka ce ba da ransu ba. Na ga wani Alhaji babba, mai sanda, yana shafa bango da tafin hannu kamar mai gaida majinyaci. Suka yi ta zirga-zirga tsakaninsu da hukuma har aka yarda: ba za a taɓa dutse ko ɗaya ba, za a gyara ginin yadda yake, a buɗe babbar sakandare ta 'yan mata, ta jeka-ka-dawo.

Duk garin ba wanda ya kai ni murna. Gida gida na bi ina faɗa.

Aka kira taro a ƙofar dagaci, mu mata muna daga gefe. Dattawan suka ce kwano da tagogi da ƙofofi sun ɗauka, amma ƙarfinsu bai kai ga simintin ƙasa ba a bana, hukuma kuwa ta ce ba za ta turo malamai a zauna cikin ƙura da ramuka ba. Ni da ba na magana a gaban maza sai na ji muryata ta fita. Na ce iyayenmu ba su san siminti ba, kuma ba a kan ƙura suka kwana ba. A ba mu tsakuwa, mu mata za mu yi daɓe. Nan take aka ce ni ce uwar gayya.

Da taro ya watse, Alhajin nan mai sanda ya sa aka kira ni. Cikin ladabi ya yi maganar, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce hukuma ta ƙidaya azuzuwan duka, in aka rasa ɗaya ba za a buɗe ba. Ya ce sun ji ni na sauke bayin Allahn da ke ajin ƙarshe, su kuma ba sa so su tura maza wurin tsohuwa.

"Hajiya, ke ta sani, ke take jin maganarki. Ki faɗa mata da kanki, a hankali."

Na ce to.

Da na koma gida na tuntuɓi ɗana maganar ɗakin da ke cikin soronmu. Ya ce ai nan ake zuba masara in kaka ta yi. Ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa cewa mace ce da ba ta salla, me maƙwabta za su ce. Nan ma na ce to. Ni na haife shi, ni na goya shi, da na ɗaga murya sau ɗaya da magana ta ƙare. Amma to kawai na ce, na tashi na shiga ɗaki.

Na je wurin Yaya da maganar a bakina. Ta shimfiɗa mini tabarma, jaririyar da ta fara tafiya ta zo ta haye cinyata tana jan carbina. Muka yi hirar tsadar gishiri, muka yi hirar ciwon gwiwa, na tashi ta ƙulla mini daddawa. Na sake zuwa, haka. Na kuma zuwa, haka. Kafintoci kuwa suna can ɗaya gefen a kan rufi, ƙarar gudumarsu tana shigowa har inda muke zaune. Kullum ƙarar tana matsowa. Ita ba ta tambaya ba, ni ban faɗa ba.

Ga yadda gayya take a wurinmu. In za a yi daɓe, uwar gayya takan raba goro, a kai kowane gida da ke da mace, a faɗi rana. Gidan da aka tsallake, an ce masa ke nan ba a lissafa shi cikin mutane ba, kuma irin wannan ba a mantawa da shi. Wadda goro ya isa gare ta kuwa ba ta ƙin zuwa, sai dai in ciwo ya kwantar da ita.

Ina zaune ina kasa goro, maƙwabciyata da za ta kai tana ɗaurewa a ganye, sai ta ce, ajin ƙarshe fa? Hannuna ya tsaya a cikin ƙwarya. Na ce wa zuciyata in na tsallake Yaya na wulaƙanta ta, aika mata girmamawa ne. Haka ne kuwa. Amma akwai wani abu a ƙarƙashi, kuma na san da shi tun a lokacin. Ba a daɓe ɗaki da kaya a ciki. Kowace mace ta san wannan. Goro zai faɗi abin da bakina ya kasa.

Na zaɓi fari mai kyau na miƙa mata. Na ce ta gaya wa Yaya ranar Alhamis mata za su daɓe azuzuwan makaranta.

Maƙwabciyata ta dube ni. "Duka?"

Na ce, "Duka."

Ranar Alhamis da hantsi muka ɗunguma, kowace da madaɓinta, icen nan mai faɗin baki da ake bugun ƙasa da shi. Tun daga nesa na hango kaya a gindin ɗorawa. Tabarma a naɗe, ƙullin tsummoki, matar ɗan tana zaune a kai da yarinya a baya. Tukunyar da na ba su an wanke ta an kife ta daban, nesa da sauran kayan. Na leƙa ajin. An share shi tas, an kwashe duwatsun murhu, har baƙin hayaƙin bango an goge iya inda hannu ya kai.

Yaya kuwa tana bakin ƙofa da madaɓin da ta sassaƙa da kanta. A gefenta ga manyan tukwane da ta aro, cike da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Ɓawon da ta tara na daddawarta ne ta jiƙa tun ranar da goro ya isa.

"Malama, kin makara," in ji ta. "A garinku uwar gayya ce ke zuwa bayan 'yan gayya?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Aka fara daga ajin farko. Magina suka fasa ragowar siminti da diga suka kwashe, muka baza tsakuwa, muka yayyafa ruwa, muka jeru a durƙushe. Mai ba da waƙa ta ɗauka, muka amsa, madaɓi yana sauka tare kamar hannu ɗaya ne. An daɗe ba a yi irin wannan a garinmu ba, 'yan mata da yawa ranar suka fara gani. Ana bugu ana tsiya. Aka ce wa wata mai jiki ta ajiye madaɓi ta zauna kawai a kai, zai fi saurin daɓuwa. Ta ce in ta zauna wa zai tashe ta, ko mijin mai maganar da bai kai nauyin zakara ba? Dattawan makaranta suna tsaye a taga suna ta murmushi, wani har da ɗaukar mu a waya. Jikata tana ta kai da kawo da tulu, fuskar nan kamar ranar salla. Yaya ce ke gaba a kowane layi, ba ta san waƙoƙinmu duka ba amma hannunta bai taɓa saɓa wa na kowa ba.

Rana ta karkata muka iso ajin ƙarshe. Wani magini ya ɗaga diga zai sara lungun da ke ƙarƙashin allo, sai Yaya ta sha gabansa.

"Nan ban da diga, ɗana."

Ya tambayi dalili. Sai ta dube ni. Na ce ya bar wurin, za mu ɗora tsakuwa a kai. Ya ce zai fi sauran tudu. Na ce ya fi.

Ta durƙusa a lungun ita kaɗai ta fara bugu. Ba ta bi waƙa ba. Na jawo madaɓina na durƙusa kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, sauran mata suna can bayanmu da hayaniyarsu. Mun jima muna bugu kafin ta yi magana, kuma ba ta ɗago kai ba.

"Goronki ya iso, na ci. Amma da ƙafarki ce ta kawo maganar, Malama, da na fi jin daɗi. Ke kika ce mini ba na kowa ba ne. Ke ya kamata ki zo ki ce mini masu shi sun dawo."

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Buga nan, akwai rami."

Na buga.

Da na koma gida ranar ban zauna ba. Na sami ɗana na yi masa maganar da ya kamata in yi tun farko, da muryar da ya sani tun yana yaro. Na ce masara ta kwana a rumfa, maƙwabta kuma su zo su same ni. Ya sosa ƙeya, ya ce shi ke nan, Inna, yadda kika ce. Iyakar abin ke nan. Ko gardama bai yi ba. Wannan sauƙin da ya yarda da shi ya fi komai yi mini ciwo.

Da safe na tafi da ƙafata. Sun kafa 'yar rumfar kara a gindin ɗorawa. Na ce Yaya, ga ɗaki a soronmu, ku taso. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta riga ta aika wa 'yar ɗan'uwanta da ke aure a wajen Kafur tun ranar da goro ya zo, an amsa, ana jiran su, ba za ta sa mutane su share wuri a banza ba.

"Wannan maganar dai kin kawo ta da kanki, na gode," in ji ta. "Mai daɗin ce, ba ta da nauyi."

Ba ta tafi nan da nan ba. Daɓe yana son a bar shi ya sha iska, a sake yayyafa makuba, a sake bugu, sannan ya yi ja ya yi sheƙi. Ta ce ba ta barin gayya a rabi. Suka zauna a rumfar nan, ga ajin da suka bari a buɗe ba kowa, ba ta yarda ko yarinya ta taka shi ba don kada sawu ya fito. Sai da aka yi bugun ƙarshe, ta bi aji aji tana shafa ƙasa da tafin hannu, sannan ranar kasuwa suka hau a-kori-kura. Na kai mata tukunyar har bakin mota, ta ce aro ce, aro kuwa ana mayarwa. Na dawo da ita gida a kaina.

An buɗe makaranta. Bangon dutse yana nan yadda mahaifina ya san shi, sai sabon kwano da ke walƙiya a sama. Da safe in 'yan mata suka fito cikin fararen hijabai suka kama hanyar Dayi, nakan tsaya a ƙofar gida har sai sun ɓace. Ba zan yi ƙarya ba, ina jin daɗi. Da za a sake tambayata, makarantar nan zan sake zaɓa. Ɗakin soro kuwa masara ce a ciki har rufi, kullum ta gabansa nake wucewa.

Labarin Yaya yana zuwa mini ta bakin direbobi. An ce ɗakin kara aka yi mata a bayan gida, yana yoyo da damina, tari kuma ya kama ta. Na aika mata zane da sabulu, ta aiko mini daddawa, ta ce a tambayi Malama ko butar tana nan. Kullum ina cewa zan je Kafur in gwiwata ta yi sauƙi. Gwiwar nan kuwa tana kai ni gona.

Jikata a ajin ƙarshe aka sa ta. Ta sha ce mini in zo ranar iyaye in ga bencinta, ina ce mata wata rana. Kwanan baya tana cin tuwo take ba ni labari, wai lungun da ke ƙarƙashin allo ya fi ko'ina santsi, amma ya ɗan fi sauran tudu, duk wadda malam ya kira ta yi rubutu a kansa take tsayawa don hannunta ya kai sama. Ta ce, tsohuwa, ku da kuka yi daɓen, me ya sa kuka bar tudu a nan?

Na ce mata in an kira ta, ta taka a hankali.